Ranar da Garzali Ya Haɗa Haske Karo a Bakin Foraj

Wata huɗu da kwana tara Garzali ya yi yana gadin ƙofa a wata babbar makaranta a Maradi, amma in ka ji shi yana ba da labari ranar kasuwar Gangara sai ka rantse shi ya aza harsashin ginin, shi kuma ya koya wa malaman karatu. Ya dawo garinmu Tudun Kalgo da farar riga irin ta masu aikin ɗakin gwaji, da tabarau wanda ba ya ƙara wa ido komai sai nauyi, da biro huɗu a aljihun gaba, uku ba su rubutu. Tun daga ranar ya hana a kira shi Garzali tsura. Injiniya Garzali, in kana son ya waiwayo.

Ilimin nasa kuwa a tsaye ya same shi. Wata rana aka sa shi kai kujeru zauren taro, ya tarar wani farfesa baƙo yana yi wa ɗalibai bayani. Da ɗan Faransancin da ya tsinta a lakol, makarantar boko, kafin ya gudu daga aji huɗu, ya cafko wannan: wai masana sun lissafa cewa haske, in ya yi ƙarfi, yana iya cin karo da wani haske ya ture shi. Farfesa ya buɗe baki ke nan zai faɗi irin ƙarfin da ake nufi, sai wata mota ta danna ham a ƙofa, Garzali ya ruga ya buɗe. Rabin maganar ya taho da shi gida, rabin ya bar wa mutanen Maradi.

A shekarar ne aka haƙa mana foraj, rijiyar burtsatse, aka kafa shato, tankin nan na sama, aka jera pano goma sha biyu, allunan nan masu shan rana, suna turo ruwa. Ruwa ya samu, alhamdu lillahi, sai dai da bazara layin bido, jarkokin ɗiban ruwa, yakan kai har bakin masallaci, mata su wuni a rana. Komite ya yanke cewa ranar Alhamis za a ba mutum ɗaya makullin ɗakin injin ya zama mai kula da foraj. Shugaban komite kuwa Alhaji Labo ne, mahaifin Salamatu matar Garzali. Shekara goma sha ɗaya da auren, Alhaji bai taɓa jin an ambaci surukinsa a kan abin kirki ba. In zancensa ya taso a majalisa sai ya ce, "Allah dai ya ba Salamatu haƙuri," ya sake hira. Maganar nan tana ci wa Garzali rai ƙwarai. Ya rantse sai makullin nan ya fito daga hannun Alhaji ya shiga nasa, gari yana kallo.

Cikas ɗaya ne, Husaina, ɗiyar gwaggonsa, taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba ta izinin zaginsa safe da yamma ba tare da ya yi fushi ba, ita kuma ba ta wasa da izinin. Tun da aka kafa foraj ita ke goge pano kowace safiya ba wanda ya sa ta, kuma daga kukan injin takan gane ko lafiya yake. Kowa ya san ita ta cancanta. Sai dai ba ta da farar riga.

Ranar Litinin da la'asar, a inuwar itacen bedi inda ake shan shayi, Garzali ya miƙe ya gyara tabarau.

"Jama'a, mi ke turo ruwa? Haske. To in haske ɗaya ya cika shato ɗaya, haske biyu fa? Ni zan ɗauko haske daga gabas, in ɗauko wani daga yamma, in haɗa su karo bisa pano, gwab, kamar ragunan Layya. Kowane ya rasa hanyar wucewa, su zube bisa pano su yi kauri. Ruwa sai kun zo kuna roƙona in rage."

Mushe Abdurrahaman, don Mushe muke kiran malamin lakol, ya aje kofinsa. Mutum ne mai sanyin magana, kuma shi kaɗai ne a garin ya taɓa karanta littafin kimiyya har bangon baya.

Ya ce, "Injiniya, abin da ka ji a Maradi akwai shi a littafi, ban musa ba. Masana sun lissafa haske na iya ture haske. Amma irin ƙarfin da suke nufi, ko ka tara ranar Nijar duka ka matse ta cikin ƙwayar gero ɗaya, ba ka ko kusa ba. Can ƙasashen waje da injuna masu girman kasuwar Gazawa suke neman abin, kuma da ƙyar suke ganin alama. Hasken ga namu ratsa juna yake ya wuce, ko sannu babu."

"Ka gama?"

"Saura kaɗan. Yanzu ni ina ganinka. Husaina ga ta can tana ganin Ɗantala wanzami ta tsakaninmu. Haske ya gitta haske ke nan. Wa ya ji ƙara?"

Garzali ya yi murmushin tausayi. "Mushe, ina ka yi karatu?"

"Makarantar horon malamai."

"To ni a ƙofar jami'a na tsaya. Duk ilimin da ya shiga ta gabana ya bi, duk wanda ya hito ni na buɗe mashi."

Husaina, da bido a ka, ta ce, "Shi ya sa bai tsaya ba."

Aka fashe da dariya har mai shayi ya ɓarar da sukari. Garzali ya kaɗa hannu ya ce ai taubashiya ce, in ba ta yi haka ba abinci ba ya wuce mata. Mushe ya ɗauki kofinsa yana cewa a hankali ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wa ya ji shi? Mutanen da suka gaji da layi, in ka ce masu ruwa zai ninka, ko da wutsiyar jaki ka ce za ka yi sai su kamo maka jakin.

Talata aka shiga farautar madubi. Garzali ya bi gida gida, yana sallama da muryar ma'aikacin buro, wato ofis, yana cewa aikin gwamnati ne. Aka ɓalle madubin durowar amare, aka sauko da na bango, aka kwance na ɗakin Rahina wanda uwarta ta sayo mata tun daga Katsina, ita kuma ta biyo shi har ƙofar gida tana cewa in ya tsage ta san inda yake kwana. Ɗantala ya ba da babban madubin askinsa, ya koma yi wa mutane aski suna dogara ga Allah. 'Yan kabu-kabu suka kwance na baburansu ba gardama, don dama ba wanda ya taɓa duba su sai in zai gyara hula. Kafin magariba madubi sittin ya taru a zauren Garzali, Salamatu tana tsallake su tana salati.

Laraba aka yi gwaji. Matan unguwar yamma ba su zo ba, suna wurin suna, sai na gabas su talatin. Garzali ya jera su, kowace da madubi, ya nuna sama da pano ya ce su saita can.

Rahina ta ce, "Can ina? Iska muke gani."

Lallai kuwa. Haske ba a ganinsa a tsakar iska sai ya sauka kan wani abu, Injiniya bai taɓa lura ba. Mata suka shiga juya madubai, haske ya watsu a gari kamar an saki fara. Wani ya faɗa idon jakin Tahiru mai dakon ruwa, jaki ya zabura da amalanke, bido takwas suka yi ƙasa. Wani ya shiga ta tagar masallaci ya tashi ladan daga ƙailula, ya fito zai kira sallar da lokacinta bai yi ba.

"Tsaya! A samu abin saiti!" in ji Garzali. Ya waiga ya hango tabarmar barkono da aka shanya can gefe. "Kowa ta aza haskenta bisa tabarmar can!"

Suka aza. Ba a daɗe ba barkono ya fara hayaƙi. Iska ta kwaso shi ta raba wa unguwa, babba da yaro. Mata suka yi ta tari da atishawa, awaki suna kuka, Liman ya fito yana share hawaye yana tambayar ko jandarma ne suka shigo gari.

Husaina ta ce, hanci na zuba, "Injiniya, ruwan ke nan ya fara zuwa? Ga shi ta ido da hanci."

Garzali, yana tari, ya ɗaga yatsa. "Wannan ita ce nasara! Kun ga ƙarfinshi? Don bai samu abokin karo ba ne ya zarce. Gobe na yamma za su tare shi a tsakiya, ba inda za shi."

Mushe ya matso ya kama hannun farar rigar. "Garzali, don girman Allah. Gobe ma zarcewa zai yi."

"Mushe, je ka koya wa yara a, be, se."

Da safiyar Alhamis ya sa aka buɗe famfo aka kwashe ruwan shato tas aka shayar da dabbobi, wai don a ga cikarsa da ido, kada wani ya ce tsohon ruwa ne. Ya kuma sa aka kashe injin, sai haske ya yi kauri za a tayar. Husaina ta ce hauka ne a bar gari ba ruwa da tsakar bazara. Ya ce mata hassada ga mai rabo taki.

Rana ta take tsaka, gari ya hallara. Har Fulanin ruga sun zo kallo, mata da ƙoren nono a ka. Garzali ya jera mata talatin a gabas, talatin a yamma, pano a tsakiya. Ya sa aka ɗauko kujerar Mushe daga lakol aka aje wa Alhaji Labo a gaban layin yamma, inda zai ga karon da kyau. Alhaji ya zo da babbar riga fara da malafarsa ta kaba mai faɗi, wadda ya saya a Gidan Rumji, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Ya zauna, Liman a gefensa a tabarma.

Sai maganar saiti. Garzali ya je wurin matan yamma ya nuna masu tarin harawar Tahiru da ke bisa rumfa can bayan layin gabas. Ya dawo wurin na gabas ya duba, ya duba, babu abin da ya fi fitowa fili a wancan ɓangaren sai abu ɗaya.

"Ku saita da malafar Baba."

Salamatu ta dafe ƙirji. "Malafar wa?"

"Ke, saiti ne kawai. Hasken ba ya kai can, a tsakiya za a tare shi. Duk filin ga babu wurin da ya kai kan Baba aminci. Kuma ku ji: ba mai magana, ba mai motsi, sai na ɗaga hannu. Hayaniya tana firgita haske."

To, kun san al'adarmu. Suruki ba ya tsayawa a kan surukinsa, ba ya kallon idonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Garzali ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gaban kujera, ya kafa ido a ƙasa, ya ba layin gabas baya. Ya tafa sau ɗaya, mata sittin suka juyo da madubai. Sannan ya fara jawabi ta bakin Liman.

"Allah gafarta Malam, a gaya wa Baba cewa yau rana ce ta tarihi."

Liman ya ce, "Alhaji, wai yau rana ce ta tarihi."

Alhaji ya ce, "A gaya mashi na ji." Shi ma ya kau da kai gefe, don kunyar ta kowane ɓangare ce.

Haske kuwa, da na gabas da na yamma, suka haɗu a saman pano, suka ratsa juna, kowa ya kama gabansa. Talatin suka sauka a harawar Tahiru. Talatin suka sauka a malafar Alhaji, ta yi fari fat har ba ta kalluwa. Liman ya runtse ido saboda walƙiya ya ci gaba da isar da saƙo a makance.

"A gaya wa Baba cewa tun ina Maradi farfesoshi ke neman shawarata."

Alhaji ya ji kansa ya ɗau zafi. Gumi ya keto masa ta gemu. Amma dattijo, shugaban komite, ya yi ƙorafin zafi a gaban mijin ɗiyarsa? Allah ya kiyaye. Ya gyara zama, ya daure, yana jan carbi da sauri.

Wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga tsinin malafa. Matan gabas suna gani, amma an ce ba magana, ba motsi, kuma wa ya sani ko haka aikin yake? Mushe ya yunƙura daga baya zai kutso, samarin da Garzali ya sa tsaron fili suka tare shi, don an gaya masu tun da safe shi ne babban ɗan adawa.

Husaina ce ta kwarma ihu. "Garzali! Malafa na hayaƙi!"

Bai ko ɗago ba. "Malam, a gaya wa Baba ya yi haƙuri, taubashiyata ce, haka take tun muna yara."

"Wallahi ba wasa nake ba! Wuta!"

"Jiya ma ta ce akuya ta cinye mani wando, na ruga gida na tarar ƙarya ne. A gaya wa Baba yanzu zai ji wani ɗan ƙauri. Wannan ƙanshin karon haske ne, haka yake yi a Turai."

Liman, ido a rufe, ya ce, "Alhaji, wai ƙaurin na Turai ne."

Alhaji ya ce da ƙyar, "A gaya mashi ya taƙaita."

Sai wani ɗan gutsuren kaba mai wuta ya faɗo ƙasa daidai inda Garzali ya kafa ido. Ya kalle shi. Ya saci kallo sama, abin da bai taɓa yi ba shekara goma sha ɗaya, ya ga harshen wuta yana rawa a kan surukinsa. Ya ɗaga hannu zai kaɗe malafar, ya tuna kan suruki ne, ya mayar. Ya buɗe baki zai kira shi, ya tuna ba a yi. Ya juya ga Liman.

"Allah gafarta Malam, a gaya wa Baba, in ya ga dama, in ba zai zama rashin kunya ba, akwai wata 'yar magana game da abin da ke bisa kanshi..."

"Wace magana?" in ji Liman. "Yi bayani yadda zan isar."

Husaina ba ta jira isarwa ba. Ta ruga famfo ta murɗa, ko ɗigo. Ta waiga ta ga wata Bafulatana da ƙwaryar nono cike, ta fizge, ta tsallake Garzali, ta kifa ta a kan Alhaji Labo gaba ɗaya. Wuta ta ce cuu ta mutu. Nono ya gangaro ta gefen malafa, ta gira, ta gemu, ya sauka a babbar riga.

Kafin a ce innalillahi sai Tahiru ya ɗora hannu a ka. "Harawata! Harawar ragona!" Rumfa ta kama ci bal-bal. Matan gabas suka ji zafi a bayansu suka watse, suka yi karo da na yamma da suka taho taimako, kuma wannan ne kaɗai karon da aka gani a ranar. Madubai suka yi ta tarwatsewa, Rahina tana kururuwa da guntun nata a hannu, Ɗantala yana tsintar nasa yana kiran sunan Allah. Aka ruga shato, babu ruwa, Injiniya ya shayar da shanu. Da ƙasa da rairayi da sauran nonon Fulani aka kashe wutar, bayan ta gama da harawa ta lashe rabin darnin Tahiru.

Da ƙura ta lafa, aka waiwayo. Alhaji yana nan a kujera bai motsa ba, sauran malafa kamar bakin kwando a kansa, ƙudaje sun fara kawo gaisuwa. Garzali yana nan durƙushe a gabansa.

Mushe ya iso yana haki. "Injiniya, ka gani? Ratsawa ya yi."

Garzali ya gyara tabarau. Ko a nan bakin bai mutu ba. "Malam, a gaya wa Baba lissafi daidai yake, kuskure ɗaya aka samu. Hasken gabas da na yamma duk 'ya'yan rana ɗaya ne. 'Yan uwa ba su karo, gaisawa suka yi suka wuce. Da za a samu wata rana daban..."

Liman ya buɗe baki zai isar, Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya sa yatsa ya share nono daga ido. Ya laluba aljihu ya zaro makulli mai jan zare. Garzali ya ji ƙararsa, har ya fara buɗe tafin hannu a kan gwiwa, don ɗan Adam ba ya rabuwa da sa rai.

Makullin ya bi ta saman kansa ya wuce.

"Husaina, ɗiyata, karɓi. Je ki tada injin, mutane na jin ƙishirwa."

Alhaji ya miƙe, ya tattara rigarsa mai ɗigar nono, ya nufi gida. Bai ce a gaya wa kowa komai ba. Bai kuma ce wa surukinsa ya tashi ba, wanda kuwa ya durƙusa wa babba ba ya miƙewa sai an sallame shi. Liman ya naɗe tabarma ya bi bayan Alhaji. Salamatu ta ja mayafi ta rufe fuska ta wuce ta gefen mijinta kamar ba ta san shi ba, kuma wannan ya yi masa zafi fiye da rairayin da ke gasa masa tafin ƙafa.

Injin ya tashi, ruwa ya fara hawa shato da hasken nan guda ɗaya da aka saba. Mata suka kwaso bido suka ja layi, layin ya miƙe ya zo ya tokare da mutum durƙushe cikin farar riga. Husaina ta ƙulle makulli a bakin zane, ta zo ta tsaya a kansa.

"Injiniya, ɗan gusa, ka tare wa mata hanya."

Ya duba hanyar gidan Alhaji, ba kowa. Sai ya gusa gefe, a durƙushe.